Hussainin da Kogi Ya Ci Ya Dawo Yana Takara

Anti Mairam, don girman Allah ki taimake ni. Kaina ya kulle, kuma duk garinmu babu wanda zan faɗa wa wannan magana bai ce na zautu ba.

Ni 'yar wani ƙauye ce a fadamar Guri, kuma tagwaye aka haife mu. Muna yara, shekarar wata babbar ambaliya, kwalekwale ya kife da Hussainina. Masunta suka yi ta lalube cikin ciyawar kacala har suka gaji, ko hularsa ba a gani ba. Aka yi masa salla babu gawa, muka haƙura. Yau har jika gare ni.

Kwatsam, 'yan shekarun nan, wani mutum ya sauka ƙofar gidanmu da mota ya ce shi ne. Wai masunta ne suka tsince shi wajen Gashuwa, suka tafi da shi Tafkin Chadi, ya manta asalinsa, ya yi karatu, ya yi arziki a fataucin busasshen kifi. Innarmu, wadda idonta ya riga ya tafi, ta shafa fuskarsa ta fashe da kuka. Yanzu takarar majalisar wakilai yake yi.

Ba zan ɓoye miki ba, manufofinsa sun kwanta min. Mai ra'ayin 'yan mazan jiya ne na gaske. Ya ce a mayar wa makiyaya burtalinsu, a mayar wa Sarkin Ruwa ikon rufe kogi lokacin da kifi ke ƙwai, kada a ƙara sayar wa baƙi fadamar gado. Harajin kasuwa a rage shi, mashayar samari a rufe, 'yan mata kuma mata su koyar da su. Kullum maganarsa a koma kan yadda iyaye suka bari.

Amma Anti, tsoronsa nake ji. Rana ɗaya wanzami ya yi mana tsagar gidanmu. Tawa ta girma tare da fuskata, ta baje, ta dushe. Tasa 'yar guntuwa ce siririya, kamar ta yaro a fuskar babba. Ya san sunan akuyarmu, ya san inda nake ɓoye goruba, wannan ban damu ba. To amma ya faɗa min launin zanen da na ɗaura ranar da aka yi masa salla, da yadda tulu ya suɓuce wa Inna a ranar. Yana ina ya gani? Hannunsa sanyi ƙalau ko a tsakiyar bazara. In ya tashi daga tabarma sai in ji warin taɓo, ko hancina ne oho. Bakinsa ba ya rabo da zancen kogi, amma bai taɓa yarda ya taka kwalekwale ba. Ana cewa tagwaye suna jin juna a jiki; ni in na zauna kusa da shi ba na jin komai.

Yanzu abokan hamayya sun ce ba ɗan ƙasa ba ne. Jam'iyya tana so in tsaya a taron Haɗeja in rantse cikinmu ɗaya. In na ƙi, ban san ko zuciyar Inna za ta ɗauka ba. In na rantse, ban san a kan wa na rantse ba. Yaya zan yi?

Hassana mai waswasi, Guri

Hassana, sannu. Na karanta wasiƙarki. Bari mu ajiye tsoro mu duba.

Wanda ya mutu ba ya dawowa neman ƙuri'a, wannan ki cire shi a ranki. Saura biyu: ko Hussaininki ne, ko wani ne da aka yi wa bita. Ki yi masa adalci. Yaron da ruwa ya kusa kashewa ba abin mamaki ba ne ya guji kwalekwale har tsufansa, zancen zane da tulu kuwa Inna na iya ba shi ba ki nan. Amma tsagar ba abin rainawa ba ce, domin sabon yanka a fuskar babba bai yi kama da wanda aka yi tun mutum yana jariri ba.

Kada kyawun manufofinsa ya ruɗe ki. Burtali da haraji masu zaɓe za su auna. Zancen jini kuwa, ke kaɗai aka tambaya. Mai kiran a koma kan tafarkin iyaye ya fi kowa sanin nauyin rantsuwar ƙarya.

Ki same shi ku biyu, ban da 'yan jam'iyya, ki nemi ku je Kano a yi muku gwajin jini na gane dangi kafin taron. In ya amince, a jira sakamako. In ya fara kwana-kwana, ki ce ba za ki hau dandamali ba, ba tare da kin tona shi a kasuwa ba. Inna kuwa ki ƙyale ta da farin cikinta har ki tabbatar.

Kin taɓa rasa shi sau ɗaya kin rayu. Ki shirya zuciyarki ko za a sake. Allah ya bayyana gaskiya, ya sanyaya miki, ya ƙara wa Inna lafiya.

Anti Mairam