Ɗakin Babba a Kan Rufi

Asabar, 4 ga Oktoba, 2025

Takardar awayid ta zo, harajin gida. Ammu Osama mai gadin benenmu ne ya hau da ita yana haki, wai ya Hajja, ashe kin zama mai gidaje biyu ba mu sani ba, yaushe za a yanka mana rago? Na taya shi dariya ban san me nake wa dariya ba. Sai da 'yata Tagwa ta taso daga aikin kemis ta karanta mini. Masu ƙiyasi da suka zaga unguwarmu Arba wa Nus da rani sun hau rufinmu, sun ga ɗakin Babba da ƙofarsa da labulensa da ƙwan lantarki, suka rubuta shi gida na biyu, irin wanda ake sa haya. Wanda muke zaune ciki ba su taɓa mana shi ba. Na saman ne za a riƙa biya wa duk shekara.

Albashin yarinyar nan ba zai ɗauka ba. Ta ce ko a soke takardar, ko a rushe ɗakin.

Lahadi, 5 ga Oktoba

Babba ɗan farina ne, ba na kiran sunansa, ko a nan ma hannuna ya ƙi. Tun bara waccan ya koma Gadarif, can ƙasarmu, noman riɗi a gonar marigayi babansu. Bayan tafiyarsa na sayar da awarwarona na sa aka gina ɗakin. Bai taɓa kwana ciki ba. A waya kaɗai ya gan shi.

Talata, 7 ga Oktoba

Karatu wajen Malama Mardiya a hawa na biyu. 'Yar Zariya ce, mijinta ɗalibin Azhar, ita ta koya mini boko bayan furfura ta riga ta fito. Ta ce, "Hajiya, ki shigar da ƙara su dawo su gani da idonsu. Amma ki sauke gadon, ki zuba tarkace, ya zama sito."

Na ce in ya zo fa?

Ta daɗe tana feƙe fensir.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Na hau share ɗakin bayan azahar, barci ya sace ni a ƙasa, gefen gadon. Ba na hawa kai. Sai ga ɗakin ya ɓalle daga bene a hankali, ya bi ta kan tankunan ruwa da igiyoyin shanya, tantabarun maƙwabta na raka shi, ya sauka a kan Nilu kamar kwalekwale. Yana tafiya kudu, ruwa na tafiya arewa, ba wanda ya hana wani. Na hango garinmu Mai Wurno, mata na wanki a bakin gaɓa, innata a cikinsu ƙuruciya shar. Wani mutum a tsaye cikin ruwa da igiyar awo yana auna kogin, yana cewa wannan ma gida ne.

Ihun mai sayar da gas ya tashe ni.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Ofishin haraji. Layi har matakala, kowa da takardarsa a ƙirji kamar jariri. Tagwa ta yi magana, ni na tsaya a gefenta. Matar da ke bayan gilashi ta turo mini tawadar dangwale, na ce a'a, a ba ni biro. Na rubuta sunana, Sulafa, da hannuna. Ta juya takardar sama da ƙasa, ta ce tamam, wato ya yi daidai. Za su zo, ba a san rana ba.

A motar dawowa Tagwa ta ce, "Inna, Yaya Babba ba zai zo ba. Matarsa Hadeel ciki gare ta, ga gona. Kowa ya sani sai ke." Na ce ba a koya miki magana da manya ba. Ta ce ma'alish, wato in yi haƙuri, ta kama hannuna. Ban ƙwace ba.

Laraba, 29 ga Oktoba

Na wanke zanen gadon. Ba datti, na dai wanke.

Litinin, 10 ga Nuwamba

Babba ya kira. Riɗi ya yi kyau bana, in ji shi, har ya ɗauki 'yan ƙwadago. Na tambayi ko yana cin abinci, ko sauro, ko hanya lafiya. Sannan na ce to yaushe? Ya yi dariyar babansa. "Inna, ai ke za ki zo suna." Sai layi ya yanke.

Har yanzu gadon na sama. Tagwa ta daina yi mini maganarsa, wannan ya fi faɗan ciwo.

Alhamis, 20 ga Nuwamba

Sun zo da hantsi, dattijo da wani mai igiyar awo, Ammu Osama na biye. Suka duba babu famfo, babu makewayi. Dattijon ya tsaya kan gadon, ya danna katifar da yatsa. Ko lotsawa ba ta taɓa yi ba.

"Wa ke kwana a nan, ya Hajja?"

Tagwa ta kafe ni da ido. Rana ta shigo ta labule ta kwanta a kan matashi, daidai inda nakan ga kansa in na lumshe ido. Na ce babu kowa.

"Akwai mai zuwa?"

Tantabaru suka tashi gaba ɗaya daga rufin maƙwabta, na bi su da kallo har suka kewaya. Na ji bakina ya ce a'a.

Ya rubuta. Ya ce Allah ya ƙara lafiya, suka sauka. Ban yi kuka ba. Yunwa ma na ji, na ci dafaffen waken ful da burodi biyu.

Alhamis, 11 ga Disamba

Sun soke. Ɗakin ajiya ne yanzu a takardarsu, ba mai rushe shi. Ammu Osama ya ce ragonsa ya tsere ke nan.

Gadon na ba Malama Mardiya aro, mahaifiyarta za ta zo jinyar ido. Aro ne. Na baza kuɓewa a ƙasan ɗakin, nan ta fi bushewa da wuri, kuma an ce mai jego na son miyar busasshiya. Zanen gadon na yanka shi huɗu na yi masa kalmasa, ya yi laushi da yawan wanki, ba zai ci fatar jariri ba.

Na tambayi Tagwa ko motar Aswan, wadda ake fara shiga in za a je Gadarif, tana da wahala ga mai ciwon gwiwa. Tambaya kawai na yi.