Na Ce Ban Damu da Tsuntsaye Ba

Zuwa ga Abass, hasken idona, sanyin zuciyata, wanda muryarsa ta fi mini iskar bakin teku daɗi. Assalamu alaikum.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba, ko Umma, ko ƙanwarka Hamdia da muke raba komai. Ƙarya na yi maka a Nansha, can bakin teku a nan China, kuma wata uku ke nan tana cina.

Ka tuna Lahadin da Abbana da babanka suka je duba kwantenarsu, suka bar mu da su Umma a hanyar yawo ta bakin ruwa? Ruwa ya janye, taɓo ya fito yana sheƙi. Itatuwa tsaye a kan saiwoyinsu kamar masu tattare zani za su tsallake rafi. Ƙananan ƙaguwoyi suna ɗaga hannu ɗaya sama, ka ce gaishe mu suke yi. Ka nuna mana kifin nan mai tsalle a kan taɓo, Umma ta yi salati ta ce ita kam ba za ta ci shi ba ko kyauta. Wani tsoho ɗan China mai kamun kifi ya nuna mana bokitinsa wayam yana dariya. Can nesa jiragen ruwa, ga balbelu fari fat, babu saniya ko ɗaya da suke bi!

Sai ka miƙo mini madubin hangen nesanka, ka ce in kalli zalɓen da ke tsaye da ƙafa ɗaya. Ni kaɗai ka miƙa wa. Wayyo Abass! Ga Umma a gefena. Na sunkuyar da kai na ce ban damu da tsuntsaye ba. Ka mayar da shi wuyanka.

Ya zan yi in fahimtar da kai? A wurinku Zangon Kumasi 'yan mata suna magana kai tsaye, na ga Hamdia. Mu a Kano, wanda muka fi so shi muke kasa kalla. Hamdia ta ce ka ce na raina ka. Ni? In raina ka? Ni da nake gane takunka a matakalar gidanmu na unguwar Dengfeng tun kafin ka ƙwanƙwasa?

Sau biyu muka koma hanyar nan ba ka zo ba. Na tsaya a jikin shingen katako ina kallon zalɓe har idona ya yi ruwa. Da ido kawai, ɗigo ne toka-toka. Har yau ban san abin da ka so in gani ba.

Yanzu ga shi an ce da an tashi baje kolin Pazhou za ka koma Kumasi makaranta. Saura kwana tara! Ya masoyina, ban roƙe ka komai ba sai kada ka hau jirgi da wannan zaton a ranka. Ko teku nawa ne tsakaninmu, ba zan ba wani wurinka ba, Allah ne shaidata.

Hamdia ta ce in ba ta takardar nan ta kai maka, babu mai sani. Na ce mata a'a. Ranar Juma'a idan kun zo sallama, ni zan ba ka da hannuna, ko da Abba yana zaune.

Taka har kullum,
Najiba