Baba Bai Manta Sunana Ba

Buɗaɗɗiyar wasiƙa a jarida zuwa ga Babban Likita, shugaban asibitin da aka kwantar da mahaifina a nan Katsina.

Assalamu alaikum. Ranka shi daɗe, ina gajiya, yaya fama da jama'a? Bayan gaisuwa, ga tambaya: tun da kake, ka taɓa jin dattijon Bakatsine ya kama sunan ɗansa na fari a gaban mutane? In ba ka taɓa ji ba, to a kan me aka rubuta a katin Baba cewa ba ya gane iyalinsa?

Ni ne ɗan farin. Tela ne ni a Babbar Kasuwa, ban wuce firamare ba, amma duk takardar da ta faɗo hannuna sai na ga ƙarshenta. Sojoji sun koma bariki, an ce bakin talaka ya buɗe, to ga nawa.

Na ɗaya, ban zo raina aikinku ba. Ranar da likitan ƙwaƙwalwa ya kewaye gadon Baba da ɗalibansa, wallahi tsikar jikina sai da ta tashi! Ɓarin jikin Baba na hagu ne ya shanye. Likita ya buga 'yar guduma a gwiwa, ƙafa ta zabura. Ya karci tafin ƙafa da makulli, babban yatsa ya ɗaga sama. Da wannan kaɗai ya nuna musu cewa ciwon yana gefen dama na kai, alamarsa ce ta fito a hagu. Kai, ilimi! Ina komawa shago na gwada a ƙafar abokin ɗinkina, ya kusa haure ni.

Na biyu, sai aka zo gwajin tunani. Likita ya nuna ni, ya sa wani ɗalibi ya tambayi Baba sunana. Baba ya kawar da kai. Aka maimaita har sau uku, iyakar abin da ya ce shi ne: "Yaron nan ne." Shi ke nan, alƙalami ya hau takarda. Likitan baƙo ne a ƙasar nan, ina yi masa uzuri. Amma ɗaliban fa? Hausar bakinsu irin tamu ce. Na ga wata ta buɗe baki, ta kalli malaminsu, ta haɗiye maganar. Da na yi yunƙurin bayani, aka ce in yi shiru, darasi ake.

Na uku, ga inda abin ya kai mu. Baba yana ba da karatu a zaurenmu na unguwar Gobarau tun kafin a haife ni. Wata nas ta fassara wa kawuna abin da ke katin, magana ta riga mu isa gida: wai Malam ya ruɗe. Yanzu masu ɗaukar karatu sun fara sulalewa, masu zuwa dubiya kuma suna yi masa magana kamar jariri. Mutumin da shekaranjiya ya gyara mini wasali ina karatu, yana kwance, ko littafin bai duba ba! Shanyewar jikin ya haƙura da ita, wannan maganar ce ke hana shi cin abinci.

Roƙona ba yawa. A dawo da ɗaliban nan kan gadonsa, da malaminsu. A tambaye shi sunan autarsa, da na maƙwabtanmu gida-gida, ku sha mamaki. Sannan a gyara katin. Kuma a ba ɗalibi damar ya faɗa wa malaminsa abin da ya sani tun daga gidan ubansa, don dattawa irin Baba sun cika gadajenku.

Allah shi taya ka riƙo, shi ƙara wa ɗalibanka basira, shi ba majinyata lafiya.

Amma kada a kira ni ofis a ba ni haƙuri. A bainar jama'a aka ce Baba ya ruɗe, don haka a jaridar nan nake jiran amsarka, in kai ta zaure in karanta da ƙarfi kowa ya ji. Ranka shi daɗe, kunya ciwon ƙwaƙwalwa ce?

Wassalam.

Naka,
Yaron nan, daga Gobarau.