Kawu Ya Gaji da Garmaho

Zuwa ga Babana,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kai da Mama kuna lafiya kamar yadda nake. Yaya ƙafar? Allah ya ƙara sauƙi.

Na zaɓi rubutu ne domin in a waya ne, ba za ka bari in kai ƙarshen magana ba. Baba, an ba ni shugabancin sashen shirye-shirye a gidan rediyonmu, kujerar da ka bari. Amma kada ka yi saurin murna. Aikin farko da Manaja ta ɗora mini shi ne in soke shirin tsofaffin waƙoƙi na safiyar Asabar, wanda ka kafa da hannunka, a sa kiɗan matasa a gurbinsa. Ta ce masu sauraro sun koma sababbin tashoshi, in ba mu canza ba sai dai mu riƙa yi wa bango hira.

Jiya na shiga ɗakin ajiya. Komai na nan: faya-fayan garmaho da aka buɗe gidan da su, lokacin da ka ce ana kashe inji da rana don ya huta, sai kaset-kaset na zamanin da waƙar fim ta cinye gari, sai faifan sidi da kuka ɗauka daga shi an gama ƙirƙira. Yanzu kwamfuta guda ta haɗiye su duka. Har biron da kuke naɗe zaren kaset da shi yana cikin gwangwani.

Damuwata Kawu ne, amininka. Tun ritayarka shi ke riƙe da shirin. Mutumin da ya goya ni a wannan gidan, da wane baki zan ce masa ya tashi? Ka ba ni shawara, ko ka yi mini faɗa, duk ina so.

Ka gaida Mama.
'Yarka, Auta.

Babana,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata jiki ya yi kyau. Ban ga amsa ba. Mama ta ce ka karanta takardar, ka ninke, ka ce wai ka haifi mai rusa gida.

Na cije na je wurin Kawu. Na tarar da shi yana goge faifai da gefen rigarsa. Na durƙusa, na yi ta kewaye-kewaye kamar mai neman aure, har ya ce in faɗi abin da ya kawo ni kafin shayinsa ya huce. Da na faɗa, Baba, sai ya kece da dariya har hularsa ta faɗi. Wai ya daɗe da gajiya. Ya haddace kowace waƙa har da inda allura ke tsalle, kunyarka kawai ta hana shi magana. Ashe in ya tashi aiki, rufe gilashin mota yake yi ya saki kiɗan yaran nan, yana buga sitiyari har gida.

Ya kuma ba ni labarin da ba ka taɓa ba ni ba. Wai ranar da ka fara sa kiɗan jita a gidan nan, dattawa suka yi ayari zuwa ofishin shugaba suna cewa a kori yaron da zai lalata musu 'ya'ya. Ashe barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Ga yadda muka tsaya. Kawu zai zauna, tare da wata matashiyar mai gabatarwa da muke kira Mai Tabarau. In ta sa sabuwar waƙa, shi kuma ya zaƙulo tsohuwar da yake zargin daga ita aka kwaso kiɗan, su yi ta musu. Asabar ɗin da ta wuce wayoyi ba su huta ba. Wata mai ɗinki ta bugo ta ce ita da jikarta sun kusa raba gari a kan wa ya fi gaskiya. Kawu ya miƙe zai taka rawa, wayar abin kunnensa ta fizgo makirfo, gari duka ya ji salatinsa. Manaja ta yi dariya har da hawaye, ta ce shirin ya zauna.

Sai dai daɗin bai cika mini ba, tunda kana fushi.

'Yarka, Auta.

Babana,

Allah ya ja kwana. Ina gaisuwa, ina kuma godiya. Amsarka ta iso, na karanta a tsaye a bakin ƙofa.

Faɗan na karɓa. Gaskiyarka ne, Mai Tabarau tana magana a kan waƙa tun mawaƙi bai rufe baki ba, kuma na ja mata kunne. Saƙon cewa Kawu maci amana ne ma na isar. Ya ce ka zo ka faɗa masa a gaban makirfo in ka isa, kujera na jiranka.

Sai ɗan rubutun da ka maƙala a can ƙasa, ƙanana kamar ba ka so a gani. Sabuwar waƙar matasan da ka ce ba ka san sunanta ba, mai yawan tafi ɗin nan, na gane ta. Za a sa ta ranar Asabar, sadaukarwa ga Mama daga “wani tsohon mai sauraro”, kamar yadda ka umarta. Ba zan faɗi sunanka ba. Amma ka sani, Kawu ne zai karanta.

Taka har kullum,
Auta.