Abincin Gunya da Nawa

Zuwa ga mai ɗakina, Hajiya Asabe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki, na ɗauki alƙalami ne in ba ki labarin gida, ko da yake na san babu gidan wayar da zai kai miki takardar nan. Hannuna yana rawa yanzu. Rubutun ba irin wanda kika sani ba ne lokacin da nake akawu a kamfanin kuza, sai ki yi haƙuri da shi.

Labarin na Gunya ne, goɗiyar nan da kika bari tana 'yar ƙarama tana bin ki har bakin murhu. Yanzu ciki gare ta, kuma cikin ya tsufa, ya sauko har tafiya ma sai a hankali. Zan gaya miki abin da ba zan iya gaya wa kowa a Gangare ba: kishinta nake yi. Tsoho mai furfura, wanda ko masallaci sai da sanda, yana kishin dabba. Ki yi dariyarki. Na san da kina nan sai kin riƙe ciki.

Ɗanki na fari ne sanadi, Injiniya, kamar yadda mutane ke kiransa. Tun bayan rasuwarki sai ranar Juma'a nake ganinsa. Ya zo daga gidansa na unguwar Rayfield, ya durƙusa a ƙofar ɗaki, ya tambayi jiki, ya tashi. Amma tun da ya ji cikin Gunya ya tsufa, kullum yana gidan nan. Da safe kafin ofis yana nan, da la'asar yana nan. Kin san lungunmu mota ba ta shiga, to a bakin titi yake ajiye ta, ya saɓo buhu da kansa, yana tsallake kwata da takalminsa mai ƙyalli. Ya gaishe ni a gurguje, ya wuce ƙarshen gida wurin turke.

Ni kuwa ina zaune bakin taga ina kallo.

Da kin ga yadda yake zaɓen harawa. Sai ya kwance dami, ya shaƙa, ya ɗaga wa rana. In ya ga baƙi-baƙi ko ya ji warin ruɓa sai ya jefar da damin gaba ɗaya, wai mai ciki ba ta cin abin da ya yi fumfuna. Dusa kuwa ba ya ba ta a bushe. Yakan sa a ɗumama ruwa saboda sanyin Jos, ya jiƙa ta, ya zuba ɗan gero da gishiri kaɗan, da wani gari da likitan dabbobi ya rubuta masa don ƙashin ɗan da ke ciki. Ya cuɗa da hannunsa, hannun da ke sa agogon zinariya. Bokitin ruwanta kullum sai an wanke. Kanwa tana gefe, ta lasa in ta so.

Kuma ba ya cika mata komin abincinta. Kaɗan yake zuba mata, in an jima a ƙara. A watannin ƙarshe ɗan yakan yi girma da sauri, ya matse cikin uwar, ba ta da wurin zuba abinci mai yawa a lokaci guda, alhali kuwa a lokacin ta fi bukatarsa. Wa ya koya masa wannan? Ni ne, yana ɗan makaranta, lokacin uwar Gunya tana da rai. Ke ma kin sha faɗa in kin ga ina aunawa: "Mai ciki baki biyu gare ta, amma tumbi rabi."

To ni ma tumbina rabi ne yanzu, Asabe. Haƙora sun zube, loma kaɗan ke cika ni. Matarsa, Allah Ya yi mata albarka, tana aiko direba da kula cike da tuwo da magariba, abincin ƙato uku. Kafin ya iso daga Rayfield ya yi tauri. In ci abin da zan iya, sauran maƙwabta su ɗauka. Da hantsi yunwa ta taso, ba kowa. Babu wanda ya taɓa tunanin tsoho ma kaɗan-kaɗan yake ci. Rannan ƙamshin dusar nan mai ɗumi ya shigo ɗakina, wallahi sai na tuna gwaten accar da kike yi mini da yakuwa, har na haɗiyi yawu.

Kwanan baya ya je kasuwar Katako ya sayo katakai masu kyau, ya kawo kafinta aka yi mata sabon komi, aka ɗaga shi daidai ƙirjinta don kada ta wahala wajen sunkuyawa. Aka goge bakinsa sumul. Kujerar da nake zaune a kai ina rubutun nan, ƙafarta ɗaya da bulo na tokare. Kafintan ya wuce ta gabanta da guduma a hannu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne hirar. Yana yi mata magana, Asabe. Yana shafa wuyanta yana cewa, "Sannu Hajiya, ci a hankali, ba mai ƙwace miki." Har dariya yake yi. Ni ban san muryar ɗan nan tana da laushi haka ba.

Kin san yadda muka tashe shi. Ɗan fari ne, ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a zama hira da shi. Haka iyayenmu suka yi mana, haka muka yi. Ke kina da dabararki, kina ajiye masa ƙanzo a ɓoye, kina aika ƙannensa da saƙo. Ni doki kaɗai nake da shi. In ina so ya tsaya kusa da ni sai in ce a zo a riƙe linzami. Yau ga shi ya girma, kunyar ta zauna a tsakaninmu, ba wanda ya san ta inda zai ɗaga ta. Bakina ba zai iya cewa "zauna mu yi taɗi" ba. Sai dai in ce, "Ta ci kuwa?" ya ce, "Ta ci, Baba."

Makon jiya ya zo da magana. Wai ya gina barga a gidansa, akwai fili da ɗanyar ciyawa, likita kuma yana kusa, gara a mai da ita can kafin ta haihu. Duk kishin da nake yi da ita, na san ita ce igiyar da ke jawo shi lungun nan. In ta tafi, na koma mutumin Juma'a.

Sai na ce masa ba a sauya wa goɗiya abinci farat ɗaya a irin wannan lokaci. Wadda ta saba da busasshiyar harawa, in aka sake ta cikin ɗanyar ciyawa, cikinta zai murɗe, ana iya rasa uwa da ɗa. Gaskiya na faɗa, Allah shaida ne. Amma ba don Gunya na faɗa ba. Ya sa hularsa, ya tafi. Washegari bai zo da safe ba, ni na lallaɓa da sanda na jiƙa mata dusa. Ta shaƙa, ta dubi ƙofa.

Da la'asar sai ga shi. Bai shigo ɗaki ba, daga wurin turke ya yi magana, idonsa a kan komi. Ya ce likita ya ce maganar Baba haka take. Za a kwashi harawar nan da dusar da ta saba a tafi da su, a riƙa haɗa mata da ciyawar can kaɗan-kaɗan har cikinta ya karɓa. Sai dai shi yana ofis da rana, kuma bai yarda da kowa a kan awon ba. Ya ce akwai ɗaki a ƙasa, ba hawan bene, tagarsa tana kallon barga.

Kin ji fa. Za a kwashi harawa, a kwashi dusa, a kwashi tsoho. Ita aka gayyata, ni ɗan rakiya ne. Ko kuwa ni aka gayyata aka fake da ita? Na dubi ƙeyarsa na daɗe, bai juyo ba. Ɗanki ne, da kina nan da kin karanta mini shi. Abin da na iya cewa kawai shi ne, "To."

Jibi za mu tashi. Zan kulle ɗakinki da hannuna, ban yarda a taɓa jerenki ba. Ki yafe mini barin gidan da kika shigo amarya kika fita a makara. Na gaji da magana da bango.

Akwai abu ɗaya da ban gaya masa ba tukuna. Goɗiya mai shayarwa ta fi mai ciki ci, ta fi ta bukatar ido, kuma abin yakan ɗauki watanni. Wannan na ajiye shi sai ta haihu.

Allah Ya sauke ta lafiya. Allah Ya yi wa ɗanmu albarka, Ya ba shi masu jiƙa masa abinci ranar da haƙoransa suka zube. Ke kuma Allah Ya haskaka kabarinki, Ya yalwata shi, Ya haɗa fuskokinmu a gidan da ba a jin kunyar ɗa.

Ni ne mijinki, mai kewarki kullum,

Malam Garba Akawu
Gangare, Jos