Tulun Malam

Litinin, 6 ga Mayu

Mun iso taron ma'aikatan gidajen tarihi na bana. Otal ɗin bara, fuskokin bara, shayin ma kamar na bara aka ɗumama. Kowa da katinsa a wuya, yana leƙen na wani ya ga ko ya isa a gaishe shi.

Malam ya zo da matarsa. Ranar Alhamis za a ba shi lambar yabo, shekara talatin da biyar yana gyaran kayan yumɓu. Darakta kuma ya ce ko ya yi ritaya a watan gobe za a ƙara masa shekara uku a kujerar shugaban ɗakin gyara. Ni fa? Shekara goma sha bakwai ina wanke masa buroshi. Sai na yi furfura?

Talata, 7 ga Mayu

Malam ya tambaye ni a kan me zan yi jawabi gobe. Na ce a kan gam. Ya ce, "Madalla. Amma kada ki yi sauri, 'yata, kina cinye kalmomi." A gaban mutane! Ko a nan ban tsira ba.

Ba gam ba ne. Tulunsa ne, babban nan da ke bakin zaurenmu, wanda ya haɗa daga tsingaro sittin da wani abu, wanda yake kai kowane baƙo ya gani kamar ɗansa na fari. A watan Fabrairu na haska shi da fitilar bincike. Wuyan daban, cikin daban. Tuluna biyu ne ya liƙa, ya cike giɓin da filasta ya shafa launi. Ban faɗa wa kowa ba. Na ajiye abina har yau.

Laraba, 8 ga Mayu

An yi.

Ɗakin ya cika, wasu a tsaye. Shi a layin gaba, ya zaunar da matarsa kusa da shi. Da hoton tulun ya fito a majigi har ya juya yana yi wa na baya murmushi. Sai na sa hoto na biyu.

Ban ambaci sunansa ba. Me zai sa? Akwai wanda bai san tulun Malam ba? Na dai ce, "Wannan tulu bai taɓa zama a duniya ba sai a kan teburinmu." Aka fashe da dariya. Wallahi na ji daɗinta har cikin ƙashina. Kuma ban yi sauri ba, ko kalma ɗaya ban cinye ba.

Lokacin tambayoyi wani mai gemu daga gidan tarihin jami'a ya ce, wa ya tantance tsingaron kafin a haɗa? Malam ya miƙe, ya riƙe bayan kujera. Ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Ya ce, "Ni ne. Abin da ta faɗa gaskiya ne." Ya zauna.

A wajen shayi mutanen da ke layi su gaishe shi jiya duk sun koma duba wayoyinsu. Ni aka kewaye. Mutum uku sun roƙi takardata.

Alhamis, 9 ga Mayu

Kwamiti ya "ɗage" lambar yabon. Haka suke cewa in sun binne abu.

Ba wanda ya gaya wa matarsa, ta sauko da sabon ɗinki. Na same ta ita kaɗai a falon otal, jaka a cinya. Ta ce, "Ke ce 'yar tasa da yake yawan faɗa?" Na ce ni ce, Mama. Ta ce, "To, sannu da ƙoƙari."

Ko a jikina. Aiki ba zumunci ba ne.

Juma'a, 10 ga Mayu

A mota Darakta ya ce maganar shekara uku ta mutu. Malam ya bi motar haya.

Litinin, 3 ga Yuni

An ba ni kujerar Malam. Ta fi yadda nake zato tauri. Ya kwashe komai, sai tabarau ɗaya da ya manta a aljihun tebur. Na ba masinja ya kai masa.

Laraba, 12 ga Yuni

Darakta yana son rahoto kafin a wargaza tulun, don haka na sauko da tsohuwar rajista. Shafi na tamanin da huɗu: "An haɗe tsingaron akwati na 7 da na 8 a tire ɗaya, yumɓu iri ɗaya ne." Rubutuna ne. Watana na farko a aiki. Na ma tuna ranar, tire ne ya yi mana ƙaranci, na ga launin ya yi kama, na juye.

Shi Malam ya amince da tiren da na miƙa masa, ya haɗa.

To ai shi ne babba, shi ya kamata ya duba. Haka ne. Ba haka ba ne?

Amma wannan kallon da ya yi mini kafin ya ce "Ni ne". Ya tuna. Tsohon nan ba ya manta komai.

Alhamis, 13 ga Yuni

Ba mai buɗe rajistar nan sai ni. Reza ɗaya ta isa ta cire shafin.

Talata, 18 ga Yuni

Masu shirya taro sun rubuto, suna son buga jawabina, kuma in buɗe taron baɗi. Na amsa da to.

Shafin yana nan, ban samu lokaci ba ne. Na kira wayar Malam sau ɗaya, matar ta ɗauka, na kashe.

Yau na cike katin tulun don rahoton. Akwai layin da ake sa wanda ya tantance, shekara goma sha bakwai ba komai a wurin. Na rubuta sunana. Da fensir ne, ai da shi muke cike kowane kati, ba wani abu ba ne. Ana iya gogewa.

Gobe da safe katin zai hau teburin Darakta. Ban goge ba tukuna.