Ya ɓoye dokinsa marar lafiya a turkena, shi da ke koya mana kiwon doki

Wani ɗan'uwa ne daga yankin Tasawa ya turo, ya roƙi a sakaya sunansa.

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Don Allah ku ba ni shawara, kwana shida ke nan ina juya magana ɗaya a raina, abinci ma sai in tura shi gefe.

Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Korgom, ina da goɗiya guda ɗaya, ja mai farin goshi, ita kaɗai ta rage daga jinin dawakin mahaifina, Allah ya jiƙansa. Shekara uku ina kai ta barbara ba ta ɗauka, sai bana Allah ya yi, cikinta ya kai wata takwas. Matata har tsokanata take, wai da ita ke da cikin ba zan riƙa yanka mata harawa da hannuna haka ba, kuma ban musa ba.

Wanda ya yi min abin, yayan matata ne, kuma abokina tun muna yara. Malamin lakwal ne, wato makarantar boko, kowa Mushe yake ce masa, ni kuwa Yaya nake kiransa tun da na auri ƙanwarsa. Shi ya buɗe mana gurup na masu dawaki a waya, mun fi talatin, daga Bawdeta har Gidan Amumune. Yana samo littattafan kiwon doki na Faransanci, ya karanta, ya yi mana bokal, wato saƙon murya, da Hausa, don yawancinmu ba mu yi lakwal ba. Wallahi mun amfana. A bakinsa na koyi daina ba doki ruwa yana cikin zufa, da yadda ake duba kofato, da lokacin maganin tsutsa. Kuma a bakinsa na ji labarin ciwon nan mai sa majina da kumburi ƙarƙashin muƙamuƙi, ya ce duk dokin da ya kamu a ware shi nesa, kada a haɗa shi daro ɗaya da wani, a wanke komi da ruwan jabel mai kashe ƙwayoyin cuta. Har sau biyu ya nanata.

Wata rana da hantsi sai ga shi da ingarmansa, ya ce za a yi masa gyaran danga, in ajiye masa shi kwana huɗu. A wurinmu ba a hana ɗan'uwa turke, ko tambayar dalili ba a yi. Na ga dokin ya ɗan yi laushi, na ce Yaya lafiyarsa kuwa, ya ce gajiyar hanya ce kawai. Hancinsa tas, ashe goge shi aka yi kafin su shigo gari.

Mu kuma a gidanmu akwai abin da muka gada, in baƙon doki ya sauka shi ake fara shayarwa, sannan na gida ya sha abin da ya rage. Haka mahaifina ya yi, haka nake yi, kuma Yaya ya san da haka, ya sha gani da idonsa. Yana tsaye na cika daro na miƙa wa dokinsa, yana tsaye na ja daron nan gaban goɗiyata. Sai ma ya sa min albarka ya tari mai moto ya tafi.

Kwana na uku na ga majina mai kauri a hancin ingarman. Na kira shi, ya ce sanyi ne, washegari ya zo ya kwance abinsa. Bayan mako goɗiyata ta daina cin dusa, jikinta zafi rau, wuya ya kumbura har ba ta iya sunkuyawa. Kafin likitan dabbobi ya iso daga Tasawa ta yi ɓari. Namiji ne, har da farin goshin uwarsa. Ni na haƙa rami na rufe shi bayan rumbu, kuma ba na jin kunyar faɗa muku na yi kuka.

Likitan ne ya fasa ƙwan ba da saninsa ba. Yana yi mata allura ya tambaye ni ko wani doki ya zo gidan, da na faɗi na wane, sai ya tsaya ya dube ni. Ya ce ai shi ya duba wannan ingarman tun kafin a kawo min shi, kuma ya gaya wa mai shi ya killace shi. Daga baya na gano sauran, a makon da ya kawo min dokin wani mutumin Mayahi ya zo ganin ɗayan dokin Yaya zai saya, shi kuma ba ya son baƙo ya tarar da mai majina a gidan. Babu wani gyaran danga. Ni ne dangar.

Na same shi muka yi ta, ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Da farko ya musa, da na ambaci likita sai ya ce ya ɗauka dokin ya fara warkewa, kuma ƙaddara ce, in ya ga dama zai ba ni aron ingarman don barbara in goɗiyar ta warke. Wannan maganar ta fi komi ƙona min rai. Ƙarshe ya kama hannuna ya ce in rufa masa asiri don darajar ƙanwarsa, wai in 'yan gurup suka ji ba mai ƙara sauraron karatunsa, kuma karatun gaskiya ne. Nan ɗin bai yi ƙarya ba, karatun gaskiya ne. Matata kuma tana kai wa goɗiyar ruwa tana share hawaye, ban san wa take yi wa kukan ba a cikinmu.

Ga inda na tsaya. Ranar Lahadi mai zuwa an shirya taron masu dawaki, kowa zai zo da nasa a koya mana gyaran kofato, rijiya ɗaya za a sha, kuma jiya na ji bokal ɗinsa yana cewa da ingarmansa za a yi gwajin. Na roƙe shi ya bar dokin a gida, ya ce in ya bar shi mutane za su tambayi dalili. Likita kuwa ya gaya min doki na iya warkewa a ido yana ci gaba da yaɗa ciwon.

In na yi magana na tona asirin kawun 'ya'yana, wataƙila har gidana ya girgiza. In na yi shiru, akwai wani mai goɗiya mai ciki cikin waɗanda za su zo, na san shi, tare muka kai barbara. Bokal ɗin da ya ce kada a haɗa daro yana nan cikin wayata ban goge ba. In tura shi cikin gurup ɗin in faɗi abin da ya faru, ko in yi shiru in bar su su ja daron kamar yadda na ja nawa? Don Allah ku faɗa min kafin Lahadi.